Idan Idon Tsuntsunka Ya Kumbura ko Hancinsa Ya Toshe: Abin Yi Daga Ranar Farko

Duk mai kiwon tattabaru ya san irin wannan safiyar. Ka buɗe ɗaki ka watsa dawa, kowa ya sauko ana rububi, sai guda ɗaya ta maƙale a kan sanda, ta buɗa gashi, ido ɗaya a lumshe. Ka kamo ta ka duba, sai ka tarar gashin kafaɗarta ya jiƙe ya cure, domin nan ta kwana tana goga idon. Farar tsokar nan ta saman baki, wadda a da take fes kamar an barbaɗa mata alli, ta koma ruwan toka.

Na daɗe ina kiwon tattabaru, ga kanari da aku guda a gida. Abin da ya fi cin mini tsuntsaye a shekarun farko shi ne na ɗauka ciwon ido a ido yake tsayawa. Sai na yi ta ɗiga magani, ido ya washe kwana uku, ya dawo fiye da da. Sai daga baya wani likitan dabbobi ya zaunar da ni ya nuna mini yadda kan tsuntsu yake daga ciki.

A ƙarƙashin idon tsuntsu da kewayensa akwai wani kogo mai iska wanda yake haɗe da hanci. Akwai kuma siririyar hanya da hawaye ke bi daga ido zuwa hanci, sannan hancin ya buɗe cikin baki ta wata tsaga da ke ganɗa. Saboda haka duk abin da ya taɓa hanci, ido zai nuna. Wani abu kuma, mugunyar tsuntsu ba ta gudu kamar ta mutum ko ta akuya. Daskarewa take yi kamar cuku. In ta taru a kogon nan na ƙarƙashin ido ta yi tauri, babu maganin sha ko na ɗigawa da zai narkar da ita, sai an tsaga an ciro. Shi ya sa kwana biyu ko uku na farko suke da tsada ƙwarai.

Mataki na ɗaya: ka kalla tukuna, sannan ka ware

Tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne. A daji duk wanda ya nuna rauni shi shaho ke ɗauka, don haka da zarar ya ga kana kallonsa sai ya miƙe ya gyara tsayuwa. Ka koma gefe, ka yi kamar ba da shi kake ba, ka ba shi minti biyar. Ka lura ko ido ɗaya ne ko duka biyu. Ka lura ko yana atishawa, ko yana girgiza kai, ko yana soshe fuska da farce. Sannan ka dubi bindinsa. In bindin na ɗagawa yana sauka tare da kowane numfashi, numfashin ne yake masa wuya.

Daga nan ka raba shi da sauran, da kejinsa daban, da mazubin ruwa da na abinci daban. Ka shimfiɗa farar takarda ko tsohuwar jarida a ƙasa don ka riƙa ganin kashinsa. Kullum ka fara hidimar masu lafiya, mara lafiya ya zama na ƙarshe, ka wanke hannu da sabulu.

Mataki na biyu: kamawa da dubawa

Numfashin tsuntsu da motsin ƙirji yake tafiya. In ka matse ƙirjin, ka shaƙe shi ke nan ko da ba ka taɓa wuyansa ba. Kanari da irinsa, ka kwantar da bayansa a tafin hannunka, kansa tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya. Aku da tsirya sai da tawul, a naɗe fuka-fukai, wani ya riƙe kan ta bayan muƙamuƙi. In ka ga ya fara haki baki buɗe, ka mayar da shi keji nan take, duban ya jira.

Ka fita wurin haske ka fara da ido. Kwatanta shi da ɗan'uwansa. Ruwa ne garai-garai, ko kumfa-kumfa, ko kwantsa mai kauri? Fatar idon ta yi ja? Akwai ƙurji a bakinta? Ƙwayar idon tana sheƙi, ko ta yi fari-fari kamar hakiya ta fara? Wani lokaci ƙaiƙayin gero ne ko ɗan gashi ya shige ƙarƙashin fatar, ka gan shi ƙuru-ƙuru. Ka sa yatsa a hankali ka taɓa ƙarƙashin idon. Kumburi mai laushi yana da sauran dama. Mai tauri kamar ƙwayar gujiya aikin likita ne.

Sai hanci. Ƙofofin biyu ya kamata su zama daidai da juna, a bushe, a buɗe. Gashin da ke samansu in ya yi datti ko ya manne, majina na fita ko da ba ka gan ta ba. A aku, musamman mai ruwan toka da jan bindi, datti kan taru ya daskare a ƙofar hanci kamar tsakuwa, yana girma yana cin naman wurin har ƙofar ta faɗaɗa ta lalace. Amma a kula: a cikin ƙofar hancin aku akwai wata 'yar tsoka da Allah ya halitta a wurin, kada a ɗauka datti ce a ƙwaƙule ta.

Buɗe baki ka duba ganɗa da maƙogwaro. A tattabara, in ka ga wani abu rawaya ya manne kamar dafaffen ƙwai, ka riƙe wannan, za mu dawo kansa. A ƙarshe ka shafa ƙashin ƙirji. In ya fito tsini kamar bakin wuƙa, ciwon ya kwana biyu, yau ne dai ka gani.

Alamun da ba a kwana da su

Numfashi baki buɗe, ko ƙara-ƙara a maƙogwaro, ko bindi na rawa. Zama a ƙasan keji. Ƙin cin abinci, domin ƙaramin tsuntsu kamar kanari yini guda ba ci yana iya kai shi. Jini a ido, ko ido ya fito waje, ko ya yi fari. Aku ya sauya murya ko ya yi shiru gaba ɗaya. Wuya ya karkace. Duk ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi likitan dabbobi a ranar. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwanmu, ga asibitocin koyarwa na jami'o'i kamar na Ahmadu Bello a Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

In kuwa tsuntsaye da yawa suka kwanta lokaci guda, kawuna suka kumbura, ana mutuwa farat ɗaya, to maganar ta wuce ta gida, domin tana iya zama murar tsuntsaye. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a jihar Kaduna, kuma tana dawowa lokaci-lokaci. Kada a taɓa gawa da hannu tsirara, kada a yanka a ci, a sanar da ofishin kula da dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, ita ke tabbatar da irin wannan.

Mataki na uku: taimakon farko a gida

Ruwan gishiri shi ne abokin aikinka. Mafi kyau ka sayi na asibiti, irin wanda ake ƙara wa mara lafiya, mai gishiri kashi 0.9 cikin 100 ba sukari. In babu, ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ka bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Na gida kullum sabo ake haɗawa, ba a ajiye na jiya.

Ka ja ruwan a sirinji marar allura, ka karkata kan tsuntsun yadda idon mai ciwo zai kalli gefe, bakin kuma ya ɗan sunkuya ƙasa, ka ɗiga uku ko huɗu su wanke su gangara. In kwantsa ta liƙe idon, kada ka ɓamɓare. Ka jiƙa auduga ka ɗora minti ɗaya ko biyu, za ta saki da kanta. Kowane ido da audugarsa. Sau uku a rana ya isa.

Hanci ma haka. Auduga mai ɗumi a kan ɓawon har ya yi laushi, sannan a share a hankali. Ban da tsinke, ban da ashana, ban da allura. Tura ruwa cikin hanci da ƙarfi kuwa, likitoci na yi kuma yana aiki sosai, amma akwai yadda ake kifa kan tsuntsun, wanda bai iya ba sai ruwan ya wuce huhu.

Sai ɗumi. Zafin jikin tsuntsu yana kaiwa digiri 40 zuwa 42, kuma mara lafiya ƙarfinsa duk a riƙe wannan zafin yake ƙarewa. Ka rufe gefe uku na kejin da zane, ka ajiye shi inda iska ba ta kaɗawa, wurin ya kai kamar digiri 29 zuwa 30. Da hunturu ina cika gora da ruwan zafi in naɗe ta da tsumma in jingina da keji. Kada a kusanto da gawayi ko risho, hayaƙinsu ya fi sanyin illa. Da bazara kuma inuwa ake nema masa, in ka ga ya buɗe fuka-fukai yana haki, zafi ya yi yawa.

Tururi na taimakon hancin da ya toshe. Kwanon ruwan zafi a wajen keji, a lulluɓe su tare da zane minti goma, sau biyu a rana, kana tsaye a wurin. Ruwa zalla, kada a sa Robb ko wani man zafi. A sauko da abinci da ruwa kusa da shi, domin wanda ido ɗaya ya rufe ba ya ganin mazubin da ke wancan gefen.

Mataki na huɗu: nemo inda abin ya fito

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi yin sakaci.

Fara da iskar da yake shaƙa. Huhun tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar duk abin da ke cikin iska, shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari don ya nuna musu gurɓatacciyar iska, har zuwa 1986. Yanzu ka duba gidajenmu: turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, fiya-fiya, hayaƙin janareta da na murhu, taba. Tukunyar nan da abinci ba ya kamawa, in aka manta ta a wuta ta ƙone, tururinta na iya kashe aku cikin mintoci. Ga ƙurar hunturu da ke busar da hanci. Ga kuma kashin da ya taru a ɗakin tattabaru. Ka durƙusa ka sa hancinka daidai inda suke kwana. In warin ya sa idonka yaji, su da suke ciki dare da rana fa? Atishawa da ruwan ido garai-garai, tsuntsu na cin abincinsa, sau da yawa daga nan ne, kuma da an gyara wurin sai ya wuce cikin kwana biyu.

Sai abinci. Wannan ya fi shafar aku. Yawancin akun da ke gidajenmu abincinsu gyaɗa ce da masara da rake, shekara da shekaru. Waɗannan ba su da sinadarin bitamin A yadda ya kamata, kuma in ya yi ƙaranci, fatar da ta shimfiɗe cikin hanci da ganɗa da hanyar hawaye sai ta yi kauri ta bushe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Akun da hancinsa ke toshewa yana warkewa yana dawowa, ka fara zargin kwanonsa. A dazuzzukan da yake fitowa, 'ya'yan kwakwar manja na cikin abin da ya fi so. Don haka ɗigo biyu ko uku na manja a kan abinci sau biyu a mako, ga karas, gwanda, mangwaro, kabewa, jan tattasai, ganyen zogale da alayyafo. Aku na da taurin kai, zai watsar da su mako guda ko biyu. Nawa sai da na riƙa cin gwandar a gabansa kafin ya yarda. Ban da fiya, wato avocado, guba ce gare su. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuma a zubar, domin fumfunar na kama hanyar numfashi, kuma ciwo ne mai wuyar magani. Su ma tattabaru dawa zalla ba ta isa ba, a haɗa da wake, jar masara da ɗan ganye.

In iska da abinci ba su da laifi, ko ciwon na bin tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya, to cuta ce mai yaɗuwa.

Wadda na fi so kowa ya sani ita ce kilamidiya, wadda ake kira zazzaɓin aku. A tattabara takan fara da ido ɗaya mai ruwa da kumburi. A aku takan zo da majina, kasala, da kashi kore shar. Tsuntsu na iya ɗauke da ita wata da watanni lafiya lau, sai wahalar tafiya ko sanyi ko cunkoso ta tayar da ita. Tana kama mutum ta ƙurar busasshen kashi. A 1929 zuwa 1930 ta yi ɓarna a Turai da Amurka ta hanyar akun da aka yi safara daga Kudancin Amurka, mutane suka mutu. Maganinta doksisaikilin ne, kuma a aku kwana 45 ake yi ba tsallake. Sinadarin kalsiyam na hana maganin shiga jiki, don haka a janye ɓawon ƙwai da makamantansa har a gama.

Akwai maikofilasma, mai kawo kumfa a ido da kumburin fuska, wadda masu kaji suka sani sarai. Akwai ƙurajen nan masu kama da agana da ke fitowa a fatar ido da gefen baki da ƙafafu, sauro ke yaɗa su, shi ya sa suka fi yawa da damina. Ƙwayar bairos ce, kafso ba ya kashe ta. Na fata sukan bushe su faɗi da kansu cikin mako uku zuwa huɗu. Aikinka tsabtace ido, shafa ayodin da aka tsarma a kan ƙurjin ba tare da ya shiga idon ba, da sa gidan sauro. Kada a ɓalle su. A kanari kuwa cutar na kisa ƙwarai, a gaggauta. Rawayan abin nan na maƙogwaron tattabara kuma wata ƙwayar cuta ce da ke bin ruwan sha, iyaye kuma na ɗura wa 'ya'yansu. Takan haura har kogon hanci. Metronidazol ake ba ta, wato Flagyl, kuma duk ɗakin ake yi wa. In an ɓamɓare abin da ƙarfi jini yake yi. Sai ƙananan akun nan masu launi-launi 'yan asalin Ostareliya: in ka ga farin ɓawo mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma a saman bakinsu da gefen ido, wasu ƙananan ƙwari ne ke haƙa fatar, kuma aibamektin na kashe su, amma awonsa ɗan mitsitsi ne, likita ne zai auna.

Mataki na biyar: magani

Ina da wata tattabara fara da nake ji da ita. Abokin faɗanta ya cake ta a ido, na je wani kemis aka ba ni maganin ɗigawa na mutane, wanda ake ba masu afolo. Kwana biyu jan ya tafi, na yi murna. Kwana na shida idon ya yi fari fat, daga baya ya fashe. Da na kai kwalbar wurin likita sai ya nuna mini rubutun jikinta: akwai deksametason a ciki. Irin wannan sinadarin, da 'yan'uwansa betametason da haidirokotison, yana hana gyambon ƙwayar ido warkewa, kuma yana karya garkuwar jikin tsuntsu baki ɗaya. Har yau in na tuna tattabarar nan raina na ɓaci. Duk maganin idon da za ka saya, ka karanta abin da ke ciki, ko ka sa a karanta maka.

Haka nan ban da kwalli, ruwan lemun tsami, toka, kananzir ko baƙin mai. Duk na ga an gwada su, kuma ban taɓa ganin idon da suka ceta ba. Farke kafso ja da rawaya a ruwan sha kwana biyu a daina, shi ma ƙarfafa ƙwayar cutar yake yi, gobe in an ba da maganin gaske ya ƙi ji. Ga shi kuma mara lafiya ba ya shan ruwa sosai, balle in ya yi ɗaci.

In ka je wurin likita, ka tafi da tsuntsun a kwali mai huji an lulluɓe, da takardar kashinsa, da duk maganin da ka riga ka ba shi. Ka faɗi gaskiyar kwanakin ciwon da abin da yake ci. Zai auna nauyinsa, domin awon magani da nauyi yake tafiya: kanari bai fi giram 15 zuwa 25 ba, aku mai ruwan toka kuwa yana kai 400 zuwa 500. Yakan ɗiga wani rini a ido wanda ke nuna gyambo da kore, ya wanke kogon hanci, ya ciro abin da ya daskare. In an ba ka na ɗigawa da na shafawa, ruwa ake fara sawa, a jira minti biyar, sannan man. Man kuma ɗan kaɗan kamar kan ashana, domin in ya yi yawa yana ɓata gashi, gashin da ya jiƙe da mai kuwa ba ya riƙe ɗumi. Ka cika kwanakin da aka ce ko da ido ya washe tun ranar uku.

Mataki na shida: kai da iyalinka, da sauran tsuntsaye

Kada ka share busasshen kashi da tsintsiya ƙura na tashi. Ka yayyafa ruwa tukuna, ka sa takunkumi, ka kankare, ka wanke da sabulu, sannan ka bi da ruwan bilic, murfi ɗaya a murfi 30 na ruwa, ya yi minti goma, ka ɗauraye, ka shanya a rana kafin tsuntsu ya koma. Mazuban ruwa kullum ake wanke su. Mai juna biyu, tsofaffi, ƙananan yara da mai ciwon ƙirji su nisanci mara lafiyar. A daina ba aku abinci baki da baki. In wani a gidan ya kama zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari cikin mako ɗaya zuwa biyu, a gaya wa likita cewa akwai tsuntsu mara lafiya a gida, don kada a yi ta maganin maleriya ana barin ainihin ciwon.

Yawancin cututtukan da suka taɓa shiga ɗakina daga kasuwa na sayo su da kuɗina. Tsuntsun kasuwa ya kwana cikin cunkoso, ya sha ruwa ɗaya da ɗaruruwa. Sabo duk kyansa sai ya yi kwana 30 aƙalla a keɓe, aku kuwa 45, a wani ɓangaren gidan, kana duba idonsa da hancinsa da kashinsa kowace safiya. Haka tattabarar da ta ɓata ta dawo, ko baƙuwar da ta biyo naka. Shi kuma wanda ya warke, ka bar shi a kejinsa mako biyu bayan ƙare magani. In ido ya tsaya a bushe, gashin kafaɗa ya koma sumul, tsokar saman baki ta dawo da farinta, ƙirji ya fara cikowa, sai ka mayar da shi cikin 'yan'uwansa da yamma dab da kwanciya, lokacin da faɗa ya fi sauƙi, ka kuma sa masa ido kwana uku na farko.